Sandar fatsa ta bakin teku: yadda ake zaɓar mai jifa nesa da kuɗi kaɗan

A jikin kowace sandar fatsa ta bakin teku, ɗan sama kaɗan da mariƙi, akwai wani ƙaramin rubutu da yawancin masu saye ba sa tsayawa su karanta. Za ka ga tsawon sandar, misali ƙafa 12 a wata, mita 4.20 a wata, kusa da shi kuma wasu lambobi biyu kamar 100-200g ko 4-8oz. Lambobin nan biyu su ne nauyin dalmar da aka ƙera sandar ta jefa, kuma da su nake fara ciniki tun kafin in tambayi kuɗi. Idan ba su dace da ruwan da za ka shiga ba, kyan fenti da sunan kamfani ba za su amfane ka da komai ba.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na koyi fatsa da gora da zare da tana. Yanzu a Agege nake zaune, ranar hutu kuma ina zuwa bakin teku, wani lokaci ɓangaren Eleko da Akodo, wani lokaci in shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay. 'Yan'uwanmu da suka saba da kogi, in sun ga teku suna sha'awa, sai su sayo sanda irin ta kama ƙarfasa su zo da ita, kafin la'asar sun karaya. Domin su nake wannan bayani, musamman wanda aljihunsa bai kai na manyan Ikoyi ba.

Dalma ce ke zaɓar sanda

Tekun Legas ba ya zama wuri guda. Igiyar ruwa tana zuwa daga kudu maso yamma, tana dukan gaɓa a karkace, shi ya sa ruwan bakin gaɓa kullum yana tafiya gabas yana jan yashi tare da shi. Wannan jan ne, bayan an gina katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarnin da ya wuce, ya riƙa cinye gaɓar Bar Beach har aka zo aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. Ruwan da ya iya cin gaɓa guda ba zai bar maka dalma mai giram 40 ta zauna ba. Kana jefawa, kafin ka kafa sandar, ya mirgino ta ya ajiye maka ita a gefen ƙafarka ta hagu.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, teku yakan lafa, dalma mai giram 100 zuwa 120 ta isa. Da damina kuwa, musamman Yuni zuwa Satumba, sai ka kai giram 150 ko 170, kuma irin mai ƙafafun waya da ke cafke yashi, ko mai siffar dala. Ga ledoji da ciyawar teku da ke maƙalewa a zare suna ƙara masa ja. Jar ciyawar nan mai yawo a saman ruwa tun wajen 2011 take addabar gaɓar Afirka ta Yamma. Sannan kada ka manta koto ma yana da nauyi. Yankan taitus ko shawa mai kyau zai ƙara maka giram 30 zuwa 50 a kan dalmar.

To ka haɗa lissafin: dalma 150, koto 40, ka doshi 200. Saboda haka sandar da za ta yi maka shekara zagaye a nan ita ce mai rubutun 100-200g ko 100-250g. In da awon Turawan Ingila da Amurka aka rubuta, oz ɗaya giram 28 ne da ɗan kai, wato 4-8oz daidai yake da giram 113 zuwa 227. Sanda takan fi jin daɗin aiki a tsakiyar lambobin nan. Mai 100-200 ta fi son wajen 150. In ka ɗaura mata 60 ba za ta lanƙwasa ba, jifan zai mutu a kusa. In ka ɗaura mata 250 ka zage ƙarfinka, za ka ji ƙaras, ka koma gida da sanda guntu biyu.

Wani abin lura game da sanduna marasa suna da ake kawowa da araha: lambar sama sau da yawa cika baki ce. In na ga siririyar sanda mai sauƙin kuɗi an rubuta mata 100-300g, nakan ɗauka 150 ce iyakarta har sai ta nuna mini akasin haka.

Tsawo

Kowa yana zuwa da tunanin cewa mafi tsawo ita ce mafi nisa. Akwai gaskiya a ciki, amma tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ƙarfin kafaɗarka. Sanda kamar baka take: sai ka iya tanƙwara ta sannan za ta harba. Bakan da ya fi ƙarfin mai shi kibiyarsa a gabansa take faɗuwa. Mutum matsakaici da sanda mai ƙafa 15 mai tauri, wanda ba ya iya juya ta da sauri, wani mai ƙafa 12 da ya iya loda tasa zai wuce shi da nisa, ya kuma tashi ba ciwon baya.

Ƙafa 10, wato mita 3, ta yi gajarta ga irin igiyar ruwanmu. Tana da amfani in za ka tsaya kan duwatsu kana jefa kifin roba kana jawowa don barakuda, amma wannan wani aiki ne daban. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, ƙafa 13 ta kusa mita 4, ƙafa 14 mita 4.27. Sandunan da ake yi wa kasuwar Faransa da Sifen da Italiya yawanci mita 4.20 ne ko 4.50. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya tsakanin ƙafa 12 da mita 4.20. Yaro ɗan sakandare, ko mutum mai ƙaramin jiki, ƙafa 11 zuwa 12 ta ishe shi.

Tsawon yana da wani aiki da ya fi nisan jifa muhimmanci a wurina. Bayan ka jefa ka kafa sandar a tsaye, tsininta yana ɗaga zaren sama da inda igiyar ruwa ke karyewa. In zaren yana kwance cikin kumfar nan, kowace igiya sai ta fizge shi, ta tumɓuke dalmar, ta kuma loda masa shara. Gajeriyar sanda a nan take faɗuwa. Kana iya ƙara wa sandarka tsawo kyauta: ka sami bututun roba na masu aikin famfo, mai faɗin da gindin sandar zai shiga, tsawon mita ɗaya da ɗan kai, ka yanke bakinsa ɗaya a karkace, ka kafa shi cikin yashi ka zura sandar. Da wannan, mai ƙafa 12 tana yin aikin mai 14.

Nisan ma a yi masa adalci. Danny Moeskops, ɗan ƙasar Beljiyam, ya taɓa jefa dalma fiye da mita 280, amma a filin gasa ne, kan ciyawa, ba ƙugiya ba koto, da kayan da kuɗinsu zai sayi babur. Masu talla suna son ka riƙa tuna irin wannan. A bakin ruwa, da koto a ƙugiya da iska tana bugun fuskarka, wanda ya kai mita 100 ya yi jifa na a zo a gani. Sabon shiga yakan tsaya wajen 50 zuwa 70. Kuma gaɓarmu tana da gangara, zurfi yana farawa kusa. Ka tsaya ka kalli ruwan kafin ka jefa: inda igiya ta fara karyewa can ciki tudun yashi ne, inda ruwan ya yi duhu ya lafa tsakanin tudun da gaɓa kwari ne, kuma cikin kwarin nan kifaye irin su kuroka da shaininos suke kiwo. Sau da yawa bai wuce mita 40 zuwa 60 ba. Na sha ganin gwanin jifa yana tsallake kifi yana kai kotonsa inda ba kowa. Abin da kake nema shi ne sandar da za ta kai ka mita 80 zuwa 100 ranar da buƙata ta taso, kuma irin wannan ba sai mai tsada ba.

Faiba, kabon, ko gauraye

Da abu biyu ake yin jikin sanda. Faiba tana da araha, tana da nauyi, tana jure wulaƙanci: ta faɗi kan dutse, a danne ta da buhu a bayan danfo, ta tashi lafiya. Aibinta nauyin nan, da kuma yadda take ci gaba da rawa bayan jifa, wanda ke rage nisa. Kabon ba shi da nauyi, yana komawa miƙe nan take, yana kai jifa nesa, yana kuma sanar da kai ko ɗan taɓi kifi ya yi wa koto. Amma ba ya yafiya. Ƙaramin bugu da ba ka ma lura da shi ba yana iya zama wurin karyewa bayan mako biyu. Za ka ga ana rubuta darajar kabon da lambobi kamar 24T, 30T, 40T, ko IM6, IM7, IM8. Yadda lambar ke hawa haka sandar ke rage nauyi tana ƙara tauri, haka kuma take ƙara saurin karyewa da tsada. Ga mai kuɗi kaɗan 24T ko 30T ya wadatar. In ka ga sanda mai arahar banza an rubuta mata 46T, ka yi murmushi ka wuce.

Ni dai ga sandar farko gauraye nake zaɓa, wato kabon da faiba a haɗe. Nauyinta bai kai na faiba zalla ba, kuma tana jure hannun mai koyo. Ka tambayi nauyinta ko ka sa a sikeli: mai mita 4.20 da ta tsaya tsakanin giram 500 da 650 ta yi. In ta doshi kilo guda, yini ɗaya za ka yi da ita ka fara neman mai saye.

Ka kuma duba inda take lanƙwasa. Haɗa ta gaba ɗaya a shagon, ka sa mai shago ya riƙe tsinin da hannu biyu, kai kuma ka ɗaga a hankali. Wata daga can sama kawai take lanƙwasa, sauran jikin kamar taɓarya. Wannan ta gwanaye ce, tana son jifa mai sauri da daidaiton lokaci, kuma takan fizge koto mai laushi ya tashi shi kaɗai ya bar ƙugiya. Wata tun daga mariƙi take lanƙwasa, ba ƙashin baya, ba za ta iya da dalma mai nauyi ba. Wadda kake so ita ce mai laushin kai, wadda lanƙwasarta ke sauka a hankali zuwa wajen tsakiya, ƙasan kuma ya tsaya da ƙarfi. Daga nan ka karkaɗa ta sau ɗaya ka tsayar da hannunka. In tsinin ya yi rawa sau ɗaya ko biyu ya tsaya, madalla. In ya ci gaba da kaɗawa kamar ba zai daina ba, ajiye ta.

Yadda za ka kai ta bakin ruwa

Wannan magana ba ta cikin littafin kamfani, amma a Legas ita ce ke raba gardama. Sanda mai ƙafa 12 mai gaɓa biyu, kowane ɓari ƙafa 6 ne da ɗan kai, ya fi mita 1.8. Gwada shiga danfo da shi daga Agege zuwa Obalende ka ji abin da kwandasta zai gaya maka. Mai mita 4.20 mai gaɓa uku kuwa kowane ɓari bai kai mita ɗaya da rabi ba, yana shiga but ɗin mota, yana shiga Keke a karkace, kana iya rungume shi a jirgin Tarkwa Bay. Da can ana cewa yawan gaɓa yana rage ƙarfi. Sandunan yanzu masu gaɓa uku ba su da wannan matsala da har za ta dame ka. In ba ka da motar kanka, mai gaɓa uku za ka nema.

Sai mai zugewa, wadda ake turawa ta shige cikin kanta kamar eriyar rediyo. Ita ta cika kasuwannin intanet saboda ita ce mai sauƙin aikowa, kuma ita ce mafi araha. Akwai masu kyau a cikinsu, manyan kamfanoni suna yi, amma masu kyan ba su ne masu arahar ba. Mai arahar tana da gaɓa shida ko bakwai, kowace gaɓa wurin rauni ce. Yashi yana shiga tsakaninsu ya goge su, gishiri ya bushe a ciki ta ƙi buɗuwa ko ta ƙi rufuwa, zobban su karkace kowanne ya kalli gabansa. Don fatsa a tafki ko bakin lagun ba laifi. Don jefa giram 150 da ƙarfi cikin teku, araha ba ta ado.

In wani ɗan'uwa zai taho maka da ita daga waje, ka fara tambayar tsawonta a naɗe. Yawancin kamfanonin jirgin sama suna ƙayyade jaka a santimita 158 in an haɗa tsawo da faɗi da kauri, abin da ya wuce haka yana da nasa ƙa'ida, wani lokaci da ƙarin kuɗi. A tambayi kamfanin tun kafin ranar tafiya, a kuma zura sandar cikin bututun roba mai murfi.

Zobba da mazaunin inji

A nan ne masu ƙera sanda mai araha suke rage kuɗi, a nan ne kuma teku yake fara ci. Jikin sanda ba ya tsatsa, zobban da zare ke bi ta ciki su ne ke yi. Kowane zobe yana da firam na ƙarfe da ɗan tangaran a ciki. Firam ɗin ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ƙafa biyu, an naɗe ƙafafun da zare an shafe da gam mai kauri ba tsaga. In ka ga sunan Fuji, kamfanin Japan da ya yi suna a wannan sana'a, a kan zobba ko mazaunin injin naɗe zare, alama ce mai kyau, ko da yake ana buga na jabu, don haka ka dubi aikin kansa. Tangaran na yau da kullum ya isa. Wani irin tangaran da ake kira SiC ya fi santsi da ƙarko amma kuɗinsa ba na wannan ciniki ba ne. Akwai kuma sandunan da zobbansu ƙarfe ne zalla ba tangaran, irin na Ugly Stik, ba abin da zai faɗo daga ciki, kuma ga mai zaren roba suna aiki lafiya.

Ka je shago da ɗan guntun auduga a aljihu. Zura shi cikin kowane zobe ka juya. In akwai tsaga ko kaifi da ido bai gani ba, audugar za ta maƙale. Tsaga ɗaya a zoben tsini ta isa ta yanke zare daidai lokacin da babban kifi yake ja. Sannan ka haɗa sandar ka leƙa ta cikin zobban daga gindi zuwa kai, su kasance a layi ɗaya.

Mazaunin inji ya zama mai zaren murɗawa, na roba mai ƙarfi da bakin ƙarfe mara tsatsa. Ka tafi da injinka ka ɗaura, ka murɗa, ka girgiza. In yana motsi yanzu, a bakin ruwa sai abin da ya ƙaru.

Tsawon mariƙi ma abin aunawa ne, mutane kuwa ba sa kula. Sa gindin sandar a hammatarka ko tsakiyar ƙirjinka, ka miƙa hannu tare da ita. Inda tafin hannunka ya tsaya, nan ya kamata inji ya zauna, ko kusa da nan. In mariƙin ya gajarta hannayenka za su matsu, ba za ka sami ƙarfin ja da hannun ƙasa ba, alhali shi ne ke yin rabin jifan. In ya yi tsawo da yawa zai riƙa dukan cikinka.

Inji da zare

Sanda iri biyu ce dangane da injin naɗi. Akwai ta injin da ke rataye a ƙasa, wadda zobbanta ba su da yawa kuma na farkon yana da faɗi. Akwai ta injin da ke zama a sama mai ganga mai juyawa, zobbanta ƙanana ne kuma sun fi yawa. Na saman yana kai jifa nesa a hannun gwani, a hannun sabon shiga kuwa zare yake cukurkuɗewa ya cinye masa yini. Ka fara da na ƙasa, ka kuma tabbata sandar tasa ce, domin mai shago da yake son ya rabu da kaya ba lallai ya gaya maka ba.

Kada ka juye kuɗinka duka a kan sanda. In ka kasa kuɗin kashi goma, huɗu na sanda, huɗu na inji, biyu na zare da dalma da ƙugiyoyi. Inji ne gishiri da yashi suke kashewa da wuri. Ka nemi mai lamba 6000 zuwa 8000, amma da yake kowane kamfani da nasa awon, ka karanta jikin gangar: ta ɗauki aƙalla mita 250 na zare mai kaurin 0.35. Ka cika ta har kusa da baki, saura kamar milimita biyu. Gangar da ba ta cika ba tana cin nisa fiye da yadda sanda mai tsada za ta ƙara maka.

Siririn zare yana tafiya nesa, ruwa kuma ba ya jan sa sosai. Zaren roba mai 0.35 ya yi wa mai farawa, yana da araha, yana jure gogar yashi. Tufkakken zare ya fi siranta da ƙarfi, zai ƙara maka nisa, amma yana da tsada kuma yana yanka yatsa kamar reza lokacin jifa. In za ka yi amfani da shi ka naɗe yatsanka da filasta ko ka sa safar fata.

Ko wanne ka zaɓa, dole ka ɗaura zaren gaba mai kauri, wanda zai ɗauki fizgar jifa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce laba 10 na ƙarfin zare ga kowane oz na dalma: dalma mai giram 150 tana son zaren laba 50 zuwa 60, kaurinsa wajen 0.70. Tsawonsa ya kai ninki biyu na sandar, har ya zagaya ganga sau biyar ko shida. Wannan ba don kifi ba ne kawai. Dalmar da ta tsinke a tsakiyar jifa tana tafiya da gudun da zai iya kashe mutum, bakin ruwan Legas kuma ranar Lahadi cike yake da yara da masu doki.

Sunaye, da kayan gwanjo

In ana son sunaye, waɗanda suka daɗe suna yi wa talaka aiki a wannan fanni sun haɗa da Okuma Longitude, da Ugly Stik Bigwater, da Penn Squadron da yayarta Penn Prevail, da ƙananan sandunan teku na Daiwa da Shimano, da Caperlan ta kamfanin Decathlon. Okuma da Ugly Stik suna da nauyi amma ba sa mutuwa da wuri. Prevail ta fi su sauƙi a hannu, ta kuma fi su kuɗi. Caperlan ce ke da yawan masu gaɓa uku na mita 4.20. Ba zan faɗi farashi da naira ba, don kafin ka gama karantawa ya canza. Abin da zan ce shi ne, tsakanin sanda mara suna sabuwa fil da ɗaya daga cikin waɗannan ta hannu, in kuɗinsu ɗaya, ta hannun nake ɗauka.

Ana samun su a wurin masu kayan gwanjo da ke sauke kwantena, da Jiji, kasuwar intanet, da hannun Turawa da 'yan Lebanon masu barin gari. Sai dai a duba da kyau, kuma da rana. Bi jikin sandar da yatsa daga gindi zuwa kai. Ƙarcewar fenti ba komai ba ce, amma wurin da ya yi fari, ko ya faɗa, ko ya yi laushi in ka matsa, karaya ce ke jiran ranarta. Dubi bakin kowace gaɓa, nan tsaga take fara fitowa, siririya kamar gashi. Haɗa ta ka karkaɗa kusa da kunnenka. In kana jin ƙwas-ƙwas, gaɓar ta saki. Wasu sandunan an yi su ne da ɗan rata a mahaɗa, kamar faɗin yatsa, don gaɓar ta sami wurin shiga yayin da take cinyewa, saboda haka kada ka ga ratar ka ce aibi ce, kada kuma ka danna da ƙarfi don ka rufe ta. Auna tsawon da tef ka gwada da abin da aka rubuta. In ta gaza da santimita 10 ko 15, tsinin ya taɓa karyewa an sake masa zobe. Za ta yi aiki, amma ta ƙara tauri, kuma kuɗinta ya kamata ya sauka sosai. Zobe ɗaya da ya lalace ba ya hana ciniki, ana canza shi da zare da gam, sai dai ka sa shi cikin abin da za ka nemi ragi da shi.

Bayan ka saya

Duk ranar da ka dawo daga teku, ko ka gaji, ka wanke sandar da ruwan famfo, musamman ƙafafun zobba da mazaunin inji, ka bar ta ta bushe a inuwa kafin ka mayar cikin jaka. Ka goge yashi daga gaɓoɓi kafin ka haɗa, ka ɗan goga musu kyandir don kada su manne. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, kada ka ja da sandar. Miƙe ta ta kalli ruwan, naɗe zaren a guntun itace, ka ja da baya. In kifi ya zo bakin gaɓa kada ka ɗaga sandar tsaye ƙiƙam don ka ciro shi, nan ne tsini yake karyewa. Bari igiyar ruwa ta turo shi, kai kana ja da baya. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, don haka in hadari ya haɗo ana walƙiya ka kwantar da sandar ka bar wurin, ka kuma kula da wayoyin wuta in kana tafe da ita a haɗe. Kada kwaɗayin ƙarin mita goma ya sa ka kutsa ruwa ya wuce gwiwa. Ruwan da ke komawa ciki a gaɓar nan yana kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafa, ya ci waɗanda suka iya iyo a kogi da dama.

Kafin ka kai ta teku, ka kai ta filin ƙwallo da sassafe lokacin da ba kowa. Tsawon babban fili wajen mita 100 ne, ka ga ka sami ma'auni. Ɗaura dalma mai giram 120 ba ƙugiya, ka bar ta tana lilo kamar mita ɗaya da rabi daga tsini. Ka juya ka kwantar da ita a ƙasa a bayanka, zare a miƙe, tsinin sandar yana kusa da ƙasa. Waiwaya ka tabbata ba mutum. Fara juyowa a hankali, nauyinka yana tashi daga ƙafar baya zuwa ta gaba, idonka yana kallon sama can gaba, sai a ƙarshe hannun ƙasa ya ja gindin zuwa ƙirjinka, na sama ya tura, ka saki zaren. Ƙarfin a ƙarshe ake sa shi; wanda ya fara da fizga sandar ba ta samun lokacin lanƙwasa. Ka yi da rabin ƙarfinka har sai dalmar tana sauka a layi ɗaya kowane jifa, ka sa dutse a inda ta faɗi, sannan ka ƙara nauyi zuwa 150 ka ga wanne sandar ta fi so. Nauyin da ya fi nisa ba tare da ka wahala ba, shi za ka sa maƙeri ya zuba maka guda goma.